Juyi Ɗari Cikin Minti Uku

Duk wanda ya san Kasuwar Singa ta Kano ya san ba wurin sauraron waƙa ba ne. Tun daga hantsi har goshin magariba ba abin da kunne zai ji sai ƙugin manyan motoci masu sauke kaya, da ihun 'yan dako suna neman hanya, da cinikin buhun sukari ko katan ɗin sabulu. Kasuwa ce ta kayan masarufi a tsakanin Fagge da Sabon Gari, kuma manya sun ce ta samo sunanta ne daga keken ɗinkin nan na Singer, ko da yake yau ba da keken ɗinki aka san ta ba. To, a cikin wannan hayaniya ne, a saman wani shago, na sami wani darasi game da waƙa wanda ban same shi a aji ba. Shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarinsa, in malamanmu sun yi mini izini.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan wannan kasuwa ne. Ya rasu a 2022, ya bar shago da sito a samansa. Ranar da aka zo ƙididdigar kaya domin rabon gado sai aka tarar da wani dogon akwatin katako a can ƙuryar sito, an lulluɓe shi da tsohon zane, kusa da shi kuma ga kwali cike da fayafayai. Da aka yaye zanen sai ga garmaho, irin mai amfani da lantarki wanda aka haɗa shi da rediyo a akwati ɗaya. Baba ya saye shi ne a 1975, shekarar da ma'aikata suka sami kuɗin Udoji, kasuwa ta buɗe, har shi da yake yaron kanti a Fagge ya ga rarar da zai biya wa ransa bukata. Masu rabon gado ba su ko sa masa kuɗi ba. Yayana, wanda shagon ya koma hannunsa, ya ce a kira 'yan gwangwan su auna. Ni kuwa da nake auta, kuma ina karatun Hausa, sai na ce a bar mini. Aka bar mini, amma ba ni da inda zan kai shi, saboda haka ya ci gaba da kwana a inda yake.

Haka aka yi ta tafiya har watan Sha'aban na 2024. Wanda ya san Singa ya san yadda take in azumi ya gabato: sukari da madara da shinkafa da taliya su ne sarakuna, kowane taku ɗaya na sito kuɗi ne. Yaya ya kira ni ya ce, “Auta, tirela za ta sauke mini kaya nan da mako biyu. In akwatin nan yana aiki ka kai wa Inna gida. In kuwa ba ya yi, to, kada ka ga laifina.” Ban ga laifinsa ba, domin gaskiya ya faɗa. Ga shi kuma tun da Inna ta ji an ga garmahon take tambayata ko yana nan, ba ta ce a kawo ba, ba ta kuma daina tambaya ba.

Ran nan da yamma, bayan an rufe shago, na hau sito na share ƙura, na jona shi da wutar janaretan layinmu. Na zaɓi faifan Alhaji Mamman Shata, bugun kamfanin EMI, na ɗora, na sauke allura. Wani dattijo maƙwabcin shagonmu, aminin Baba, wanda muke kira Baffa, ya ji motsi ya hawo ya tsaya a bakin ƙofa. Kalangu ya tashi, 'yan amshi suka karɓa, raina ya yi fari. Amma da Shata ya buɗe baki sai murna ta koma ciki. Muryar ta yi nauyi kamar ta mai jin barci, can ta zabura ta yi sama, can kuma ta dawo tana karkarwa kamar ta wanda sanyin hunturu ya kama a kan babur. Baffa ya daka mini tsawa ya ce, “Kashe! Kashe abin nan! Wannan ba Shata ba ne. Na ga mutumin nan da idona yana waƙa, kada ka ci mutuncinsa yana kabari.”

Na kashe. Na daɗe a zaune ina tunanin maganar Baffa. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, kafin a haife ni. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, mu kuma muna nazarinsa a aji, muna rubuta jarrabawa a kansa. Amma duk abin da na sani na muryarsa ta hanyar inji na san shi. Ashe in inji ya yi mini ƙarya ba ni da yadda zan gane, sai in akwai irin su Baffa a kusa, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Rashin sani ya fi dare duhu. Washegari na tafi neman allura sabuwa, na sha yawo kafin in samu, na sa, ba abin da ya sake. Wani ya ce ƙarfin wuta ne yake hawa da sauka, na ari sitabilaiza na jona, nan ma shiru. Wani kuma ya ce in ɗora kwabo a kan hannun allura don ya ƙara nauyi. Allah ya taimake ni ban bi wannan ba, domin daga baya na ji cewa nauyin nan cinye faifai yake yi. Kwana biyar suka tafi a banza, da kuɗin da ya kamata in ci abinci da su a makaranta.

Baffa ne ya ji tausayina, ya yi mini kwatancen wani tsoho mai gyaran rediyo a cikin Sabon Gari. Mutumin Kudu ne, amma tun yana yaro yake Kano, Hausa a bakinsa kamar ta Bakanon cikin ganuwa. Na same shi a ɗan shagonsa a tsakiyar matattun rediyoyi da fankoki da lasifikokin masallatai da na coci. Na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni, na ce zan ɗauko akwatin a baro in kawo masa. Sai ya ce, “A'a, ɗan makaranta, bar shi inda yake. Wani ciwon a jikin mara lafiya yake, wani kuma a ɗakin da yake kwana. Ni zan zo.”

Ya zo bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa, da 'yar jakarsa a hannu. Na zaci zai fara da kwance ƙusoshi, sai na ga ya ciro guntun alli ya ɗiga a gefen farantin da ake ɗora faifai a kai, ya ɗiga wani a jikin akwati. Ya ce in duba agogon wayata, shi zai ƙirga. “Babban faifai,” in ji shi, “juyi talatin da uku da sulusi yake yi a minti ɗaya. Sulusin nan ba ya ƙirguwa, amma in ka ninka sau uku lissafi ya cika: juyi ɗari cikin minti uku, ba ƙari ba ragi.” Muka ƙirga, aka sami 94. Muka sake, aka sami 97. Muka sake na uku, aka sami 91. Ya dube ni ya ce, “Ka gani? Da kullum 94 yake ba mu, da ciwo ɗaya ne. Tun da yana sauya magana, masu laifin suna da yawa.”

A nan ya kamata in ɗan tsaya in yi bayanin abin da na fahimta daga baya, domin shi ne gindin maganar. Faifai ba ya ɗauke da lokaci a jikinsa. Abin da ke jikinsa ɗan siririn kwari ne wanda ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya, yana da lanƙwashe-lanƙwashen da allura ke bi tana rawa, rawar nan ita ce ke zama sauti. Saurin da lanƙwashen nan ke wucewa ta ƙarƙashin allura shi ne ke yanke kaurin murya ko sirantakarta, da nauyin kiɗa ko gaggawarsa. In faranti ya yi sauri murya ta sirance, in ya yi nawa ta yi kauri. Bambancin kashi shida cikin ɗari ya isa ya ɗaga murya ko ya sauke ta kusan mataki guda a jerin sautukan kiɗa. Watau mawaƙi ya bar mana kalmominsa da muryarsa a faifai, amma lokacin da za su fita a cikinsa mu ne muke ba da shi, ta hannun injinmu.

Saboda haka ne masu wannan sana'a suka daɗe suna neman a tsaya a kan ma'auni ɗaya. Thomas Edison ya ƙirƙiro injin ɗaukar magana a Amurka a 1877, amma nasa a kan wani abu mai kama da gwangwani yake ɗauka. Emile Berliner ne ya fito da shimfiɗaɗɗen faifai a 1887, sunan injinsa kuma shi ne Bahaushe ya mayar garmaho. Fayafayen farko sun zauna a kan juyi 78 a minti, injinansu kuwa wani ake yi musu da hannu kamar agogo, in wanin ya kusa ƙarewa sai ka ji mawaƙi yana nutsewa. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi, a 1949 kuma RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyi 45. Kano ma tana da hannu a wannan tarihi, domin a cikinta ne kamfanin fayafayai na Tabansi ya fara a shekarun 1950, kafin ya koma Onica.

Mu koma sito. Tsohon ya ce in sa masa faifai ya saurara, na miƙa hannu zan ɗauko na Shata, ya hana ni. Ya ce kalangu ba ya ba da shaida a irin wannan shari'a, domin shi da kansa hawa da sauka yake yi duk lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya a hammatarsa ko ya sassauta, saboda haka laifin inji yakan ɓuya a cikin gwanintar makaɗi. Ya bincika kwali ya ciro faifan Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ce kuntigi tsarkiya ɗaya gare shi, in sautinsa ya karkace ba inda zai laɓe. Ya rufe ido yana ji. Can ya ce, “Uku ne. Akwai karkarwa mai sauri, wannan daga taya take. Akwai nauyin jiki, wanda ke raguwa in ya daɗe yana juyi, wannan busasshen mai ne. Akwai kuma wani hawa da sauka da ba shi da ƙa'ida. Wannan na ukun ina zarginsa, amma ba zan faɗa ba sai na kama shi.”

Sa'an nan ya cire wani ɗan zoben ƙarfe a tsakiya, ya ɗaga farantin, ya nuna mini cikin. Ya ce garmahon lantarki iri uku ne. Akwai mai bel, wanda in bel ɗin ya saki sai ya riƙa santsi. Akwai wanda inji ke juya faranti kai tsaye, irin wanda Technics na Japan suka fito da shi a 1970. Akwai kuma irin namu, mai taya, wanda kamfanoni kamar Garrard da BSR na Ingila da Dual na Jamus suka cika duniya da shi. A irin namu, inji yana juya wata 'yar sanda mai matakai kamar na bene, kowane mataki da kaurinsa, ɗaya na 33, ɗaya na 45, ɗaya na 78. Tsakanin sandar da bakin faranti ta ciki akwai 'yar tayar roba, ita ce ke karɓar juyi daga sanda ta miƙa wa faranti. In ka murɗa maɓallin sauri, tayar ce kake ɗagawa ko saukewa daga wannan mataki zuwa wancan.

Ya ciro tayar ya sa mini a tafin hannu. Roba ce a da, amma ta bushe ta yi ƙyalli kamar tangaran, a gefe ɗaya kuma ga wani ɗan loɓawa. Ya ce, “Ranar da babanka ya kashe shi na ƙarshe bai mayar da maɓalli wurin hutu ba. Tayar ta kwana a matse da sanda, kwanan ya zama shekaru. Duk lokacin da loɓawar nan ta zagayo sai faranti ya yi tuntuɓe.” Na riƙe tayar ina kallo. Ban san ranar ba, ban san wace waƙa ya ji ba, ko kiran salla ne ya tashe shi ko mai ciniki. Abin da na sani shi ne ya tashi da niyyar dawowa.

Tsohon ya goge bakin tayar da lallausar samfefa har ƙyallin ya tafi. Na tambaye shi ko rage mata kauri ba zai sauya saurin ba. Ya yi dariya ya ce, “Taya ɗan aike ce. Abin da sanda ta ba ta shi take kaiwa, ko tana da ƙiba ko ba ta da ita. Sauri tsakanin kaurin sanda da faɗin faranti yake. Abin da ake nema a wurinta shi ne ta kama da kyau, kuma ta zama da'ira sosai.” Kamun ya dawo, amma loɓawar ta yi zurfi, ta ƙi fita. Washegari ya zo da wata tayar da ya ciro daga wani mataccen garmaho a shagonsa, wadda robarta ke da sauran rai.

Daga nan muka shiga wanki. Giris ɗin da aka sa tun a masana'anta ya daskare ya zama kamar ƙaro, har ƙarfen da ke ɗaga taya ba ya kaiwa inda ya kamata, sai ya tsayar da ita a kan iyakar mataki biyu, tana gogar kafaɗar na kusa. A gindin ƙarfen tsakiya, wanda faranti ke juyi a kansa, muka tarar wani ya taɓa zuba man gyaɗa, ya yi danƙo ya kama ƙura. Muka wanke ƙarafan da kananzir, muka goge sandar inji da bakin faranti da sifirit har auduga ta daina baƙi. Sai ya aike ni in samo man keken ɗinki a wurin tela. Ya ɗiga ɗigo biyu a gindin ƙarfen tsakiya, ɗigo ɗaya a kowane bakin inji, ya kuma gargaɗe ni da cewa ko ƙanshin mai kada ya taɓa roba. Ina ta mamakin yadda kasuwar da ta ci sunan keken ɗinki ta zo ta warkar da garmaho da man keken.

Muka mayar da faranti. Ya juya shi da yatsa, ya daɗe yana yawo shi kaɗai ba ƙara. Sai tsohon ya ciro wata takarda mai da'ira, an zana mata layuka 180 a kewaye, ya ɗora, ya kunna wani tsohon ƙwan fitila da yake yawo da shi. Ya ce wutar ƙasar nan kai da komowa take yi sau 50 a daƙiƙa, irin wannan ƙwai kuwa yana ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani. In faranti yana kan daidai, kafin kowace ƙyaftawa layi ya matsa ya maye gurbin na gabansa, sai ka ga kamar layukan a tsaye suke. Muka kunna, layuka suka tsaya cak. Na yi tsalle na ce an gama. Ya ce, “Zauna. Ɗauko agogonka.” Muka ƙirga, 98. Muka sake, 101. Muka sake, 99.

Na ce, “Baba, to wa za mu gaskata, takarda ko agogo?” Ya ce, “Yawwa, ga na ukun ya shigo hannu. Irin wannan inji ba ƙarfin wuta yake bi ba sosai, shi ya sa sitabilaizarka ba ta yi maka rana ba. Bugun wutar yake bi, watau sau 50 ɗin nan. Janareta kuwa in an ɗora masa kaya, kamar a ce firjin mai lemo ya tashi, sai ya yi nishi, bugun ya ragu, in an sauke ya ƙaru. Fitila da inji daga rijiya ɗaya suke sha, in wannan ya yi nawa wancan ma ya yi, sai su haɗa baki su nuna maka komai lafiya. Agogo ne kaɗai ba ya cikin ƙungiyarsu.” Ya ƙara da cewa wannan ne ya sa garmahon da aka yi domin Amurka, inda wuta ke bugawa sau 60, in an kawo shi nan yakan rasa kashi ɗaya cikin shida na saurinsa, 33 ta koma ƙasa da 28, mutum ya yi ta neman ciwo a inda babu.

Maganin wannan bai yi nisa ba. Baffa yana da sola a shagonsa da inbata mai kyau, irin wadda ba ta sa fanka kuka, ita kuwa bugunta a ƙayyade yake. Muka ja waya daga can. Muka ƙirga, 100. Muka sake, 100. Tsohon ya ce a yi na uku domin kada a ce sa'a ce, aka yi, 100. Faifai ɗaya ne ya ci gaba da rangaji a hankali, sau ɗaya a kowane juyi. Ya nuna mini hannun allura yana kaɗawa dama da hagu, ya ce ramin tsakiyar faifan ne ya buɗe don tsufa, ba ya zama a cibiya. Ya riƙa tura shi kaɗan-kaɗan da ɗan yatsa har hannun ya natsu, rangajin ya tafi. Da na tambayi kuɗin aiki ya faɗi abin da bai kai kuɗin allurar da na saya a banza ba.

Sai aka kira Baffa. Na ɗora faifan nan na farko, na sauke allura, gabana yana faɗuwa. Bai ce a kashe ba. Ya nemi buhun sukari ya zauna, ya tura hula gaban goshi, yana kaɗa ƙafa. Da waƙa ta ƙare ya ce, “To, yanzu ka gan shi.” Yaya ma da ya hawo duba wurin da za a jera kaya ya tsaya har ƙarshe, kuma shi ya biya kuɗin adaidaita sahun da ya kai akwatin gida, saura kwana uku tirela ta iso.

A gida na jona shi da 'yar inbatar da muke kunna fitila da ita. Inna ta fito ta zauna a kan tabarma, ta dubi akwatin ta ce, “Kishiyata ke nan. A ɗakinsa na tarar da ita ranar da aka kawo ni, sai da kaset ya zo, yayyenka kuma suka fara karya allura, sa'an nan ya kai ta kasuwa.” Na kunna, na ɗauki hannun allura zan sauke, sai ta ce, “Dakata, ba haka yake yi ba. Yakan bar shi ya yi ta juyi shi kaɗai tukuna, ya ce sai ya yi ɗumi yake faɗin gaskiya. Kafin nan ya goge faifan da gefen hularsa.” Na yi shiru, domin abin da tsohon mai gyara ya yi mini wasiyya da shi ke nan a bakin ƙofa: a bar inji ya juya minti kaɗan mai ya saki kafin a ɗora allura, in an gama kuma a mayar da maɓalli wurin hutu. Na yi ta yawon neman sani a Sabon Gari, ashe rabinsa yana tsakar gidanmu. Na jira, na goge, na sauke. Inna ba ta ce komai ba har fuskar faifan ta ƙare, sa'an nan ta ce in juya ɗaya fuskar.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na ga ya dace in kawo wannan labari gaban masu nazarin Hausa. Waƙar da ke faifan nan ina da ita a wayata, wani abokina ya tura mini, kuma da ita na yi wani aikin aji. Ran nan na sake su tare, faifai da waya, daga bugun kalangu na farko. Kafin a yi nisa waya ta tsere, ta riga faifai ƙarewa da kusan daƙiƙa ashirin da biyar a waƙar minti goma, muryar cikinta kuma ta fi siranta. Ban yi mamaki ba da na tuna hanyar da irin waɗannan waƙoƙi suka biyo kafin su iso mu: daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset a rediyo mai raunin batir, daga nan zuwa kwamfutar masu tura waƙa. Kowane inji a hanya ya ƙara nasa ko ya rage. Kalmomi suna nan, ma'ana tana nan, amma mu da muke magana a kan karin murya da nauyin kiɗa da inda mawaƙi ke numfasawa, a kan wace murya muke magana? Na rubuta a aikina cewa Shata yana gaggawa a wannan waƙa. Ashe ba shi ne mai gaggawar ba.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana, duk wanda zai yi nazarin waƙar baka ya tambayi asalin abin da yake saurare, in da hali ya nemi faifan ya gwada. Wanda kuma yake da irin wannan akwati a gidansu kada ya yi saurin kiran 'yan gwangwan. Ya nemi alli da agogo ya ƙirga tukuna, ya bi masu laifi ɗaya bayan ɗaya, ya kuma nemi tsofaffin da suka san aikin tun suna nan, da waɗanda suka ji mawaƙan nan da kunnensu. Tsohuwar tayar mai loɓawa tana nan a cikin akwatin littattafaina, ban yar ba. Allah ya jiƙan mahaifina da mawaƙanmu da suka riga mu, ya sa mu riƙe amanar abin da suka bari. Amin.